Na sayi tsohon bayis na injin huda: zai gyaru, ko in mayar wa 'yan gwangwan?

"Assalamu alaikum. Ina da ɗan wurin aiki a gida, nakan taɓa gyare-gyaren ƙarfe da katako idan na taso daga wurin aiki. Kwanan baya na tsinci tsohon bayis na injin huda a kasuwar Panteka ta Kaduna, mai faɗin baki inci 4. Ya yi tsatsa sosai, sukurunsa da kyar yake juyawa, an yi masa huji-huji a ciki, kuma idan na ɗaure ƙarfe sai in ga bakin da ke tafiya yana ɗagawa sama. Zai gyaru kuwa? Daga ina zan fara, kuma wane fenti ya dace da shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abu huɗu ka kawo: tsatsa, sukuru mai tauri, huji a shimfiɗar bayis, da bakin da ke ɗagawa. Uku na farko su ne suka fi ɗaukar ido, amma su ne masu sauƙi. Na huɗun, wanda ka ambata a ƙarshe, shi ne ainihin aikin, kuma shi ne zai raba tsakanin bayis da ya gyaru da bayis da aka yi wa kwalliya kawai. Akwai kuma na biyar da ba ka ambata ba, wato tsagewa, wanda idan yana nan to sauran maganar duk ta canza.

Bayis na injin huda ba irin na kan benci ba ne da ake dukan ƙarfe a kansa. Aikinsa ɗaya: ya riƙe abu a zaune daram, a miƙe, ta yadda bit, wato ƙarfen da ke yin hujin, zai sauko a kansa ba karkata. Wurare uku ne ke ba shi wannan: gindinsa da ke zama a kan teburin inji, shimfiɗar da abin da za a huda ke kwanciya a kai, da bakin da ba ya motsi. In waɗannan uku sun daidaita da juna, bayis ɗinka mai kyau ne ko da babu ɗigon fenti a jikinsa.

Kafin ka kashe ko sisi

Yawancin irin waɗannan bayis da ƙarfen zubi ake yin su, wanda masu walda ke kira kas. Kas yana ɗauke da sinadarin kabon mai yawa, tsakanin kashi 2.5 zuwa 4 cikin ɗari, kuma yawancinsa na kwance a cikin ƙarfen ɓarɓashi-ɓarɓashi. Shi ya sa yake shanye girgiza, ba ya saurin lanƙwasa, amma idan aka matsa masa fiye da kima ba ya lanƙwashewa kamar rodi, fashewa yake yi irin ta tukunyar ƙasa. Saboda haka abin da za ka fara nema shi ne tsaga.

Goge shi da buroshin waya da kananzir, ka duba wuri uku da kyau: kusurwar da bakin da ba ya motsi ya haɗu da shimfiɗa, ƙullutun baya inda sukuru ke ratsawa, da kunnuwan gefe da ake ɗaure shi a tebur. Ido kaɗai ba ya isa. Akwai tsohuwar dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa suka daɗe suna amfani da ita: ka jiƙa wurin da kananzir ya ɗan jima, ka goge shi ƙaf, sannan ka shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana siririn layi a kan allin. Bayan ka kwance shi kuma, ka rataye gangar jikin da igiya ka ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayyen kas yana ɗan amsawa, tsagagge kuwa sai ka ji "ɓaf".

Tsaga a kunne ba ta kashe bayis, ana iya ɗaure shi da ɗan ƙarfe mai danna gefensa. Tsaga a gindin bakin da ba ya motsi ita ce ban yarda da ita ba. Ana iya walda kas, amma sai da sandar walda ta nikel, a ɗumama ƙarfen gaba ɗaya kafin a fara, a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Mai waldar da ya ɗauko sandar da yake haɗa ƙofa da ita zai ba ka ɗinki mai kyan gani, ya kuma bar maka sabuwar tsaga a gefensa. Ko da an yi yadda ya kamata, zafin kan gurɓata daidaiton bakin. A bayis mai inci 4, kuɗin wannan aiki yakan kai ko ya wuce kuɗin wani bayis ɗin.

Ka dubi hannun juyawa ma. In ya lanƙwashe, to wani ya taɓa zura masa bututu don ƙara ƙarfi, ko ya doke shi da guduma. Wannan alama ce ta ka ƙara tsananta binciken tsaga.

Kwancewa

Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai. Ka jiƙa bayis ɗin cikin gas ko kananzir kwana ɗaya ko biyu, ka riƙa ɗan juya sukurun gaba da baya, kaɗan-kaɗan, kana ƙara nisa. Taurin da kake ji galibi tsohon giris ne da ya haɗu da ƙura da garin ƙarfe ya daskare, ba lalacewa ba. Kada ka tilasta masa.

Kan sukurun yana maƙale a cikin bakin da ke tafiya, kuma abin da ke riƙe shi yawanci ɗan ƙaramin sukuru ne marar kai da ke shiga wani rami da aka zagaye kan da shi, ko fil, ko 'yar farantin ƙarfe. Tsatsa da fenti sukan ɓoye shi, sai ka kankare ka nema. Ka kuma lura da hanyar da zaren sukurun ya bi, domin wasu bayis zarensu na hagu ne.

Inda mutane suka fi yin ɓarna shi ne sukurorin da ke riƙe farantan baki, wato ƙarafan da aka ɗaure a fuskar kowane baki. Share ramin kansu da allura har ƙasa, ka sa sukurudireba ko alanki da ya cika ramin daidai, ka ɗan buga masa guduma sau biyu kafin ka murɗa. In kan ya cinye, huda shi har ya fita, ka zare farantin, ragowar kuma ka kama ta da filaya.

Kada ka jefar da tsofaffin sukurorin sai ka tabbatar da irin zarensu. Tsofaffin kayan Ingila, irin su Record da aka yi a Shefil, da zaren Whitworth suka zo, wanda aka tsara tun 1841. Na Amurka, irin su Palmgren da Wilton, su ma ma'aunin inci ne. Abin da ke kasuwa yanzu kuwa kusan duk na milimita ne. Bol M6 zai shiga ramin kwata inci ya yi juyi ɗaya ko biyu kamar ya dace, amma tazarar zarensa milimita 1 ce, na kwata inci kuwa 1.27. Haka M8 da 5/16: sun yi kusa a kauri, sun bambanta a zare. Ka ƙara murɗawa, zaren kas ɗin ya zube gari. Je kasuwa da tsohon a aljihu. In ba a samu irinsa ba, gara a faɗaɗa ramin a yanka masa sabon zare na milimita gaba ɗaya.

Tsatsa

Ga bayis ƙarami kamar naka, binega fari na girki ya isa. Wanke maiƙon tukuna da omo da ruwan zafi, domin tsami ba ya ratsa mai. Nutsar da guntayen su nutse gaba ɗaya, in ka bar wani sashe a waje zai bar maka layi a daidai bakin ruwan. Duba bayan awa 12, ka goge da buroshi, in da saura ka mayar. Kada ya wuce kwana guda ba ka duba ba, saboda tsamin ba ya tsayawa a kan tsatsa, yana ci gaba da cin ƙarfen, kuma fuskar kas takan yi laushi ta yi baƙi. Daga nan ka ɗauraye da ruwan da aka jiƙa bekin soda. Ruwan kanwa da aka tace ma yana kashe tsamin, sai dai kanwa na da gishiri, don haka a bi ta da ruwa mai yawa. Shanya a rana nan take, ka shafa mai tun yana da ɗumi. Kas da aka cire wa tsatsa yana iya yin ja cikin 'yan mintuna.

Ni na fi son hanyar lantarki idan tsatsar ta yi kauri, domin ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. Bokitin roba, ruwa, sodar wanki babban cokali ɗaya a kowace lita 4, da cajar batirin mota mai bolt 12. Baƙar waya a jikin bayis, jar waya a jikin guntun rodi da ke cikin ruwan, kada su taɓa juna. In ka juya wayoyin, bayis ɗin ne zai cinye. A tsakar gida ake yi, nesa da wuta, saboda iskar haidurojin da ke tashi tana kamawa. Kada ka sa gishiri a madadin soda, kada kuma ka sa ƙarfen da ba ya tsatsa a jar wayar, duka biyun suna haifar da guba. Sababbin caja masu kwakwalwa sukan ƙi tashi in ba su ji batir ba, tsohuwar caja ta fi dacewa.

Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil ka bar su. Suna da sauri, amma suna shiga ramukan kas su zauna, bayan wata guda tsatsa ta dawo ta fi ta da, ga hatsari ga ido da hannu.

Tun da a gida kake aiki, ga wata magana da na ɗauka da muhimmanci: tsohon fentin injuna yakan ƙunshi dalma. Mun ga abin da garin dalma ya yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kada ka kankare tsohon fenti a bushe da injin gurza inda yara ke wasa. Jiƙa shi, ka kankare, ka tattara dattin ka zubar nesa.

Bakin da ke ɗagawa

To, ga inda nake so ka ba da lokacinka. Sukuru yana tura bakin daga ƙasa-ƙasa, abin da ka ɗaure kuma yana turo shi daga sama. Ƙarfin biyu ba a layi ɗaya suke ba, don haka bakin yana neman ya kifa baya, gabansa ya tashi. Abin da ke hana shi shi ne wata faranti a ƙarƙashi, wadda aka ɗaure a jikin harshen bakin, wato sashensa da ya sauka tsakanin layukan shimfiɗa biyu da yake zamewa a kansu, tana kama ƙasan layukan. Duk ratar da ke tsakanin wannan faranti da layukan, ita ce bakin zai ɗaga, ya ɗaga aikinka tare da shi.

Kada ka raina ratar. Ƙarfe mai faɗin milimita 50, in gefensa ɗaya ya tashi da rabin milimita, to hujin da ya kai zurfin milimita 50 zai fito a goce da rabin milimita. A kan maƙalar ƙofa ba wanda zai lura. A kan abin da shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, zai ratsa ta ɓangare biyu, ko ramin da za a yanka wa zare, za ka gani da idonka.

Kifa bayis ɗin ka fara da mai sauƙi: sau da yawa bol ɗin farantin ne kawai suka saki. In sun ɗauru kuma har yanzu yana wasa, cire farantin ka duba. Za ka ga inda ta goge ta yi kwari a gefe biyu. Juya ta, lafiyayyar fuskar ta fuskanci layukan, wannan kaɗai yakan rage wasan sosai. In ta lanƙwashe ko ta yi sirara, yanko sabuwa daga falan ƙarfe mai kaurin milimita 6 ko sama da haka.

In duk da haka akwai saura, to harshen bakin ya fi layukan tsawo, saboda layukan sun goge. Sai a rage fuskar harshen da magagari, kaɗan ƙwarai, a ɗaura a gwada, a sake kwancewa a rage. Aikin haƙuri ne, wanda aka cire ba ya dawowa. Amma in ka zarce har bakin ya cije, ba asara ba ce: yanko gwangwanin lemo, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ka sa tsakanin harshen da farantin. Abin da ake nema shi ne bakin ya zame da turin hannu, ba sukuru, amma in ka kama shi ka girgiza sama da ƙasa ka ji shiru.

A nan za ka haɗu da wani abu da ke rikita mutane. Za ka daidaita shi ya yi kyau kusa da bakin da ba ya motsi, ka ja shi baya ya cije. Dalili shi ne layukan ba su goge daidai ba, sun fi cinyewa a inda aka fi aiki, wato inci ɗaya ko biyu na farko. Zaɓi biyu gare ka: ka bi ƙasan layukan ta baya da magagari har su yi kauri ɗaya da gaba, ko ka daidaita a tsaka-tsaki ka haƙura da 'yar rata a gaba. Ni na farko nake bi, ina shafa tawadar alƙalamin maka a ƙasan layin, in zame bakin, inda makar ta goge nan ne tudu. Idan naka irin wanda bakin ke tafiya a kan sanduna biyu zagayayyu ne, to ramukan ne suka buɗe, sai a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su sa masa bushi, wato ɗan bututun da ke cike ratar ramin.

Gaskiyar magana, irin wannan bayis ba a ƙera shi don ya daina ɗagawa kwata-kwata ba, ko sabo ne. Shi ya sa masu aikin ke sa guntun rodi zagayayye a kwance tsakanin bakin da ke tafiya da abin da za a huda. Rodin ya murgina, aikin ya manne wa bakin da ba ya motsi. Sannan a ɗan bubbuga shi ƙasa da gudumar roba ko katako bayan an ɗaure.

Gindi, shimfiɗa da baki

Samo gilashi mai kauri, milimita 8 ko 10, ka shimfiɗa samfefa mai lamba 120 a kai. Zana layuka da maka a gindin bayis, ka goga shi a kai 'yan lokuta kana zana lamba takwas. Inda makar ta fara gogewa nan ne tudu. Yawanci ba gindin ne ya karkace ba, 'yan ƙusoshin ƙarfe ne suka taso a inda aka buge shi ko a bakin kunnuwa. Da zarar ya daina rawa a kan gilashin, ka tsaya. Ba sheƙi ake nema ba.

Hujin da ke shimfiɗar kuwa, muni ne kawai. Bi bakinsu da magagari mai laushi ka kwantar da abin da ya taso. In suna damunka, ko garin ƙarfe na taruwa a ciki, wanke su da fetur su bushe, ka cika da gam mai haɗi biyu irin wanda ke da garin ƙarfe, ya kwana, ka goge ya yi daidai. Kada a cika su da walda. Huji ɗaya ne zai sa in damu: wanda ya ratsa layin shimfiɗa har ya kusa raba shi. Nan gaba kuma ka riƙa sa katako a ƙarƙashin aiki, ka saita majingin zurfi na injin.

Kafin ka mayar da farantan baki, share mazauninsu tas. Ƙwayar tsatsa ɗaya a bayan faranti ta isa ta karkatar da ita. Ɗora sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, a kan shimfiɗa ka jingina da bakin da ba ya motsi, ka haska tocila ta baya. In haske ya fito ta sama ko ta ƙasa, gyara da siririn gwangwani a bayan farantin. Daga nan sa 'yar takarda a kowane gefen baki, ka rufe a hankali, ka ja kowacce. Su riƙe tare. Farantan da suka lalace ana yanko sababbi daga falan ƙarfe mai kaurin milimita 8 zuwa 10, a yi amfani da tsofaffin wajen sa alamar huji. Kada ka manta da kwarin nan mai kama da V da ke riƙe bututu da rodi. Kwarin da ke tsaye dole ya miƙe daidai da sikwaya, in ba haka ba duk rodin da ka huda ta kai zai goce.

Wannan duk aikin hannu ne, kuma yana da iyaka. Zai ba ka bayis da ya wadatar da injin huda. Ba zai mayar da shi bayis na injin sassaƙa ba, wannan sai an kai gindin da bakin an wasa su a inji.

Sukuru, mai da fenti

Murgina sukurun a kan gilashi. In ya ɗan lanƙwashe, a miƙe shi a babban bayis tsakanin katako uku, ba da guduma a kan zare ba. Wasan rabin juyi kafin baki ya motsa ba matsala ba ce a nan. Matsala ita ce sukuru ya riƙa tsallakewa idan ka ɗaure, alamar zaren cikin ƙullutun ya cinye. Maganin da na fi gani yana aiki shi ne sukurun tsohon jak ɗin mota mai almakashi tare da notinsa. Zarensa mai faɗi ne, an yi shi don ɗaukar nauyi, kuma yana cike a wurin 'yan gwangwan. A faɗaɗa ramin, a zaunar da notin ta ciki yadda ƙarfin ɗauri zai riƙa danna shi jikin ƙullutun.

Giris kaɗan a kan sukurun inda yake juyawa cikin baki, sabon man inji siriri a kan zare da layuka. Kada ka cika giris a fili. Ƙurar hunturu da garin ƙarfe in sun haɗu da shi, su ne za su cinye layukan da ka gama gyarawa. Baƙin man da aka juye daga mota ma ba na nan ba ne. Da damina ka shafa mai ka rufe shi da tsumma, ba leda ba, domin leda na tara gumi.

Fenti kuwa, kowane fentin mai na ƙarfe ya yi, bayan shafe ɗaya na jan fentin hana tsatsa. Rufe gindi, shimfiɗa, layuka da mazaunin baki da tef, kada fenti ya taɓa su. In Record ne, shuɗi aka san shi da shi.

Ranar da za ka fara aiki da shi

Kunnuwan nan ba ado ba ne. Bit yakan cafke ƙarfe a daidai lokacin da zai ɓulla, musamman a falan ƙarfe da tagulla, kuma injin da ke juya bit na milimita 10 yana iya fizge bayis daga hannunka ya juya da shi. Ɗaure shi a tebur da bol biyu da washa masu faɗi, ba tare da ka matse har kunnen ya fashe ba. In aikin dogo ne, bar tsawonsa ta hagunka ya jingina da ginshiƙin injin. Ba a sa safar hannu a injin huda, kuma hannun riga mai faɗi a naɗe shi ko a tuɓe rigar.

Gwajin ƙarshe: ɗaure guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ka huda shi har ya ɓulla, ka cire, ka zura gindin bit ɗin a ramin, ka auna da sikwaya ta gaba da ta gefe. In ya goce, kafin ka sake kwance bayis, ɗaura miƙaƙƙen rodi a bakin injin ka auna shi da teburin kansa. Teburan ƙananan injuna suna juyawa hagu da dama a kan bol ɗaya da ke ƙarƙashinsu, kuma sau da yawa daga nan karkatar take.